Gidan sauron Malam Gide

Duk wanda ya taɓa cin soyayyar tarwaɗa a kasuwar Mairuwa, to da wuya in ba daga kwamin Malam Gide ta fito ba. Mutum ne gajere mai fara'a, ɗan masunta jikan masunta. Ruwa ya sani tun bai iya ɗaura zariyar wando ba. Da girma ya zo, sai ya gina kwami biyu na siminti a bayan gida, ya koma kiwon kifi.

To, kun san tarwaɗa da ci. Abincinta na buhu kuwa kullum tsada yake ƙarawa. Wata damina Gide ya dubi gidan sauron da aka raba musu a asibiti, ya dubi tafkin da ke gabas da unguwarsu, sai dabara ta zo masa. Da hantsi, in kowa ya duƙufa a gona, ya kan lallaɓa cikin ciyawar bakin ruwa inda kifi ke ƙyanƙyasa, ya ja gidan sauron nan kamar taru. Ba abin da ke tsira. 'Ya'yan karfasa da ba su kai farce ba, bokiti-bokiti, ya kwaso ya watsa wa tarwaɗarsa. Damina uku yana haka. Kifinsa ya yi ɓul-ɓul, shi kuwa tafki masunta suka koma jefa birgi suna jawo laka.

Da abin ya ishi mutane, Sarkin Ruwa Baba Almu ya tara masunta a ƙofar gidansa. Nan take baki ya zo ɗaya a kan Mas'udu, wani baƙon masunci da ya zo daga Pauwa da iyalinsa.

"Kafin ya zo ba mu san haka ba," in ji wani. "Magani yake zubawa!"

"Ni ko kuɗin magarya ban da shi, balle na magani," Mas'udu ya ce. Aka yi dariya, amma ba ta hana a yanke cewa kada ya sake taka ruwan ba.

Gide na zaune a tabarma ta biyu. Sau biyu yana gyara murya, sau biyu ya mai da ita tari. Da ya koma gida matarsa Lauratu ta kawo tuwo da miyar kifi, ya ce cikinsa ba daɗi.

Kwana uku bayan nan ya iske Mas'udu yana ɗaure tukwane da tabarmi a bayan babur, zai mai da iyali Pauwa.

"Mas'udu, tsaya. Ba kai ba ne. Ni ne."

Mas'udu bai ko ɗago ba, ya ci gaba da jan igiya. "Na sani, Malam. Na gan ka bara, har ka zame ka faɗi a taɓo."

"To mi ya hana ka faɗa?"

"Shekarar da na zo, zauren wa na kwana wata biyu? Ba naka ba? Na ce bari in ga ko za ka faɗa da bakinka."

Gide ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Daga nan bai zarce ko'ina ba sai gidan Baba Almu, ya durƙusa ya zayyane komai. Tsohon ya dube shi ya ce:

"Ɗan Abdulkarim ne kai fa, Gide. Ubanka in ya kama mai ƙwai, sakinta yake."

Daga baya aka aika Pauwa a kira Mas'udu, ya ce a yi wa Sarkin Ruwa godiya, ya riga ya kama noma a gonar kawunsa. Bai dawo ba.

An rufe tafkin shekara biyu, aka ɗora wa Gide gadinsa. Har yau shi ke zagaya bakin ruwa duk damina da sanda a hannu. Karfasa ta fara dawowa kaɗan-kaɗan. In aka yaba masa, sai ya sunkuyar da kai ya ce a bar maganar.