Takari Ba Miya Ɗaya Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shirin makaranta labarin ya iso gidanmu: Yaya Rabi ta rasu a Alƙahira, inda take karatu.

Maƙwabciyarmu ce a unguwar Harra ta Gabas, nan ƙasa mai tsarki. Ita ta fara zuwa jami'a a layinmu, tana nazarin al'adun Yahudawa na ƙasashe daban-daban. Mata suka yi ta gulma, wai an rasa abin karantawa.

In ta zo hutu, ni da ƙawata Su'ad mukan zauna wurinta tana tsinke ganyen mulukiya na miya. Su'ad ce mai baki. Ni sai dai in saurara.

Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na ce, "Yaya, Yahudawan nan ba duk iri ɗaya ba ne?"

Ta yi dariya. "Ke 'yar Kano, Su'ad 'yar Chadi, a kasuwa duk Takari ake kiranku. Miyarku ɗaya?"

Daga nan ta ba mu labarin na Yaman maƙeran azurfa, da na Habasha baƙaƙe kamarmu, da na Maroko masu Larabci a gida, har da na Indiya. Na kwana uku ina juya maganar. Karatun nan nake so, amma ban iya faɗa ba.

Su'ad ta faɗa. Yaya Rabi ta je har gidansu ta shawo kan babanta, ya yarda ta wuce jami'a bayan sanawiyya, wato sakandare. Na ce wa Su'ad mabruk, na taya ta murna.

Ranar da Yaya Rabi za ta koma na riƙe mata jaka zuwa bakin titi. Ta dube ni ta ce, "Ke mai shiru, na gan ki fa. Hutu mai zuwa Babanki zan zauna da shi."

Ɗazu a gidan gaisuwa kowa Su'ad yake runguma, "Sannu, ɗalibarta." Ni aka miƙo mini butar shayi in zagaya. Ina son Su'ad, wallahi, amma abin ya ci ni. Ita an riga an buɗe mata ƙofa.

Baba zai dawo daga gonar dabino a Awali bayan la'asar. Ba mai yi mini magana yanzu, da bakina zan faɗa masa.

Allah ya jiƙan Yaya Rabi, ya haskaka kabarinta, ya ba mahaifiyarta Inna Hajara haƙuri. Don Allah ku sa ta a addu'a. Ni ma ku roƙa mini kada muryata ta maƙale.