Ƙarar da Maazou Bai Ji Ba

A Vaulx-en-Velin, bayan dogayen benayen da ke gabashin Lyon, akwai jerin garejoji masu ƙofar ƙarfe waɗanda mazauna unguwa ke haya. Yawancinsu cike suke da tsoffin katifu da kekunan yara. A ɗaya daga cikinsu ne Maazou, mutumin Tessaoua, ya ajiye motarsa, wata baƙar Camaro ƙirar shekarun saba'in, mai silinda takwas. Gawa ya saye ta, ya yi shekaru yana tayar da ita ƙarfe bayan ƙarfe.

Maazou makanike ne. A Rungis ya soma aiki, babbar kasuwar abinci ta kusa da Paris, yana gyaran manyan motocin sanyi, kafin aure ya kawo shi Lyon. Da kunne aka san shi. Mota na shigowa, tun mai ita bai buɗe baki ba, Maazou ya riga ya faɗi ciwonta. Idan ciwon ya ɓuya, sai ya ɗora bakin sukudireba a jikin inji, ya manna kunnensa a ƙotar, ya rufe ido.

Kunnen nan ne ya soma tafiya. Hayaniyar Rungis ta ci rabonta tun yana saurayi, shekaru suka bi sauran. Siraran sautuka ne suka fara ɓace masa: kukan tsuntsu, ƙarar cokali a kofi, muryar jikarsa a waya. Likita ya ba shi ƴar na'urar sa wa a kunne, ya kuma gaya masa gaskiya, cewa abin ba ya komawa baya, kuma kaurin sautin da ya rage masa ma ba zai daɗe ba. Maazou ya fito daga asibiti da buri guda: ya ji muryar motarsa sosai, da kunnensa, kafin jin ya ƙare.

Muryar irin wannan mota daga kam take fitowa. Kam wata sandar ƙarfe ce da ke kwance a tsakiyar inji, mai tozo-tozo a jikinta, kuma tozayen ne ke buɗe ƙofofin da inji ke shaƙar mai da fitar da hayaƙi. Mai ƙananan tozaye yakan sa inji ya yi numfashi a natse. Mai manya kuwa yakan ƙara ƙarfi, ya sa motar ta riƙa rugugi mai kauri tana tsaye, tana girgiza kamar doki a turke.

Tun da waya ta daina yi masa daɗi, sai ya hau jirgin ƙasa ya tafi Paris don ya ga bakin mai magana. A Château Rouge, bayan wani shagon atamfa, taubashinsa Chaibou yake da ɗan ofis inda yake odar kayan mota yana aikawa Maradi. Tare suka yi Rungis. Bayan sun gaisa, sun tambayi iyali da mutanen gida, Maazou ya nuna masa kam ɗin da yake so, mai manyan tozaye.

Chaibou ya dube shi ya yi dariya. "Kai tsoho, wannan ai na masu tsere ne. Ina za ka da shi? Masallacin Juma'a?"

"Ka yi magana ta nan," in ji Maazou, yana juyo da kunnen dama. "Wancan ya yi ritaya."

"Na ce ka ɗauki na tsakiya! Ko mai ƴan tayoyi a ƙarƙashi, wanda ba ya bukatar lallashi. Wannan da ka zaɓa irin na da ne, ranar farko in ka yi sake ya cinye kansa. Ga shi sai ka canja rasor, sifirin ƙofofin inji, ka canja kafireto, birki ma zai yi maka tauri. Matarka Ramatou ta hau sau ɗaya ta sake ka."

"Ramatou ta haƙura da ni, mota ba za ta gagare ta ba. Aurenmu ya fi naka lafiya."

"To me ya sa sai wannan?"

Maazou ya taɓa kunnensa. "Na tsakiyan ba zan ji shi ba, Chaibou. Ga kuma irin na da shi hannuna ya sani."

Chaibou bai sake tsokanarsa ba. Ya yi odar babban, da rasor ɗinsa, da faffaɗan bututun salansa, ya raka shi har bakin metro, tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Da kayan suka iso, Maazou ya yi aikin a tsanake. Ya shafa wa kowane tozo mai na musamman, ya auna, ya sake aunawa. Ido da hannu ba su taɓa ba shi kunya ba. Abin da ya rage shi ne tayarwar farko, kuma tana da ƙa'ida mai tsanani: da zarar inji ya kama, ba a barinsa ya lafa, sai a riƙe shi sama yana ruri na tsawon lokaci, har tozaye su saba da ƙarafan da ke hawa kansu. A wannan lokaci makanike saurare yake yi. Idan ya ji wata siririyar ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, ya kashe nan take, domin ƙarfe ne ke cin ƙarfe.

Ran wata Lahadi bayan la'asar ya buɗe ƙofar gareji. Matarsa Ramatou ta sauko daga bene da shayi, ta tsaya a bakin ƙofa. Kafin ya murɗa makulli, sai ya cire na'urar kunnensa ya sa a aljihu. Ya sha cewa tana mayar da rurin inji kamar ana yaga kwano, shi kuwa muryar gaskiya yake so.

Injin ya kama. Garejin ya cika da rugugi, ƙurar rufi ta zubo, maƙwabta suka leƙo ta taga. Maazou yana tsaye, hannu kan kafireto, ido kan allurar mai da ta zafi, duk suna inda ya kamata. Kuma yana ji. Ta kunne yake ji, ba ta ƙafa kaɗai ba.

Ramatou ita ma tana ji, har da abin da bai ji ba. A ƙarƙashin rurin akwai wata ƴar ƙara kamar ta keken ɗinki, tana ƙaruwa. Ta ɗaga murya: "Malam, wannan ƙas-ƙas ɗin fa, haka yake?" Ya ga bakinta na motsi, ya zaci yabo ne, ya yi mata murmushi ya ɗaga babban yatsa. Ta yi shiru. Ba ta taɓa ganin ranar da wani ya ji abu a inji Maazou bai ji ba.

Da lokaci ya cika ya sassauta. Motar ta shiga rugugi a hankali, tana tsalle, tana ɗingishi. Maazou ya jingina da bango yana saurare, hawaye na bin gemunsa. "Kin ji ta?" ya ce da ƙarfi. "Ramatou, kin ji ta kuwa?"

Daga nan ya kashe, ya kwanta ƙarƙashi don ya juye man farko kamar yadda aka saba. Man ya zubo cikin tasa yana ƙyalli, cike da garin ƙarfe. Ya murza shi tsakanin yatsu, ya kuma murzawa. Tozo ya cinye, garin ya bi mai ya shiga ko'ina. Sai an sauke injin gaba ɗaya, an wargaza shi, an soma daga farko, aikin da ba ya ƙarewa a shekara ɗaya ga mai yinsa ranar hutu kaɗai. Ɗingishin da ya sa shi kuka ma, rabinsa na ciwo ne.

Ya fito ya zauna a kan taya, tasar na gabansa.

"Ta yi wata ƙara?" ya tambaya.

Ramatou ta durƙusa kusa da shi. "Ta yi, Malam. Na faɗa maka."

"Tun yaushe?"

"Tun kusan farko."

Ya gyaɗa kai. Bai yi faɗa ba, bai kuma ce don me ba ta ja rigarsa ba. Ya juyo mata da kunnen dama, ya matso sosai.

"Yi mini ita. Yadda kika ji."

Ta sa harshe a bayan haƙora ta yi ƙarar, sau da yawa, daidai kunnensa. Maazou ya rufe ido, ya jira.

"To, fara mana," ya ce.