Wasiƙar da na hana Yaya Bashari

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Bashari makwancinsa a Omdurman, har yau ban faɗi abin da na yi masa ba.

Tela ne a Kasuwar Libiya. Da keken ɗinkinsa ya biya mini kuɗin karatu har na zama malamin jami'a. Burinsa ɗaya: ya samo wata jarida ta zamanin Turawa da mahaifinmu ya ce an buga sunan kakanmu a ciki, cikin mahajjatan ƙasar Hausa da aka ba filin zama a can. Da ita yake son nema wa 'yarsa Asiya jinsiyya, takardar 'yan ƙasa, ta shiga karatun likita. Ni tawa da asalin aro na same ta, kuma a wurin aiki babu wanda ya san ni Bahaushe ne.

A wani gidan adana jaridu a Khartoum aka ce masa mai bincike na kansa sai ya biya abin da ya fi ɗinkinsa na wata guda. In da wasiƙar jami'a kuwa, kyauta ne. Ya rufe shago ya zo ofishina, ya same ni da abokan aiki.

"Ƙanena, layi biyu kawai za ka rubuta mini," ya ce da Hausa.

Na amsa da Larabci: "Ya haj, jira a waje." Da suka tambaya, na ce telana ne. Ya zauna har la'asar, ni kuwa na sulale ta ƙofar baya. An ce ɗan'uwa rabin jiki ne. Ranar na yanke nawa da kaina. Bai taɓa tayar mini da maganar ba. Asiya ta ƙare tana sayar da shayi a kasuwar Suk al-Arabi.

Yau yaƙi ya warwatsa mu. Jaridun suna intanet, kuɗin shiga da dala, malaman jami'a kyauta. Da yana raye zai ga ƙofar ce ta sake fenti, mai gadin bai canja ba. Bara na duba, cikin rabin sa'a na ga sunan kakanmu. Na aika wa Asiya hoton, ihu bayan hari.

Ta amsa: "Allah ya saka, Baffa. Baba ya sha cewa da ya same ka a ofis ranar nan, da tuni an gama."

An wawashe shagonsa, keken ma ya tafi. Abin da ya rage na Yaya shi ne ƙaryar da ya yi don 'ya'yansa su ci gaba da gaishe ni. Asiya tana karanta wannan jaridar da nake rubuta wannan a cikinta.