Jitar da Ishaku Ya Bari a Rataye

Shekara shida ke nan da aka kashe mijina Ishaku a hanyar Kaduna, yana dawowa Birnin Gwari da gwangwani biyu na jan fenti a jakarsa. Na daɗe ina son in rubuta wannan, amma duk ranar da na ɗauki biro sai in ajiye, don ba na iya ba da labarin ba tare da na faɗi nawa laifin ba.

Ishaku kafinta ne, kuma shi ke kaɗa jita a cocinmu. Jitar ta lantarki ce, tsohuwa, fentinta ya kokkoɗe har katako ya fito a inda hannu ke gogawa. Wata damina ya kawo ta gida ya ce zai sabunta ta. Ya kwance tsirkiyoyi da wayoyi, ya zuba ƙusoshin a gwangwanin madara, ya cire wuyan ya jingine a bayan gado. Gangar jikin ce ya zauna da ita a tsakar gida, yana gogewa da sanfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, har kwana tara.

Ni kuwa littattafan soyayya na kasuwa ne suka rene ni. Na girma ina ɗaukar cewa miji na ƙwarai yakan zaunar da matarsa a inuwa ya yi mata waƙa da sunanta. Baƙin fenti ya so ya fesa wa jitar. Ni na dage sai ja.

"Maman Rahila," ya ce, "jitar coci ce fa, ba lallen amarya ba."

"To amaryar ta gaji da baƙin tukunya," na ce.

Ya yi dariya ya sayo ja.

Yadda yake aikin, zai rataye ta da waya a reshen mangwaro, ya fesa shafi ɗaya siriri, ya bar ta kwana biyu. Sai ya goge da sanfefa jiƙaƙƙiya, ya ƙara wani. Yakan ce fenti yana bushewa a ido kafin ya bushe a hannu. Ranar da ya fesa na ƙarshe, da man sheƙi a kai, har fuskata na gani a jikinta. Ya tafi Randagi a babur kai wa wani ƙofa. Da la'asar hadari ya haɗo. Na ruga na cire ta, na naɗe ta da sabon zanena na atamfa kamar jaririya, ina jin daɗin cewa na cece ta.

Da ya dawo ya ɗaga zanen, sai da ya ɓamɓare shi. Saƙar atamfar ta zauna a jikin fentin, zare-zare, gaba da baya. Gyaran gangar Auzinawa na yi. Ya daɗe yana shafawa da yatsa, bai yi faɗa ba.

"Kin sa mata hannu ke nan," ya ce. "Ba komai. Zan goge in sake."

Ya goge. Amma jan ya ƙare, kuma irinsa babu a kasuwarmu. Maƙwabcinmu Malam Haruna, wanda suka koyi kafinta tare, ya ce ya haƙura da baƙin da ke gida, hanya ba ta da daɗi a kwanakin. Ishaku ya ce ya yi wa uwargida alkawarin ja. Ina tsaye a bakin ƙofa na ji, ban ce a fasa ba. Daɗi ma na ji. Ya tafi Kaduna, 'yan bindiga suka tare motarsu a dawowa. Malam Haruna ne ya kawo mini jakar.

Da na sani ƙeya ce. Shekara biyar jitar tana rataye a ɗaki, fara fat, ba tsirkiya. Sau biyu dattawan coci suka aiko a ba su a kai wa wani ya ƙarasa, na hana. Ina ganin muddin aikin bai ƙare ba, kamar mai aikin ya ɗan fita ne.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga garin yau. Dajin da yake shiga ya zaɓi itace da idonsa, yanzu ko sunansa sai a hankali ake ambata. Mutanen ƙauyukan da yake kai wa ƙofofi da dama sun dawo cikin gari, sun bar ƙofofin a can a buɗe. Mawaƙan da yake kaɗa wa jita sun watse, wasu Kaduna, wasu Zariya, wasu ƙasa ta rufe. Ina jin ba zai yi dogon jawabi ba. Zai tambaya ko akwai abin da ya karye da za a iya gyarawa.

Bara Malam Haruna ya yi sallama a ƙofa ya ce, "Maman Rahila, gara ta fara shiga katakon nan, na gani tun ranar da na gyara miki taga. In kin bar ta, ke ba ki samu ba, shi ma bai samu ba." Na ɗauko gwangwanayen, ashe sun daskare tuntuni. Na ce ba za a sake aika kowa wata hanya saboda launi ba. Da baƙin da ake samu a gari muka yi. Shi ya fesa, ni na riƙa gogewa, kuma ban taɓa ta ba sai ya ce ta bushe. Da ya mayar mata da wuya da tsirkiyoyi, na kai ta coci da hannuna.

In na auna abin da ya rage na Ishaku, ba shi da yawa: ƙofofi a gidajen da babu kowa, 'ya ɗaya mai irin dariyarsa, da jita mai aiki. Littattafan da na karanta sun ce soyayya ba ta mutuwa. Ba su faɗa mini cewa takan zauna a ƙirji da nauyin turmi ba. Na yafe wa kaina, yarinyar da ta ruga da zane, don ƙauna ce ta sa ta. Wadda ta yi shiru a bakin ƙofa ce har yau muke shari'a da ita.

Jitar tana da murya, wannan kam gaskiya ne. Tun da na mayar da ita an kaɗa ta a bikin aure sau ɗaya. Sauran duk a jana'iza ne, kuma ina zuwa kowacce, in zauna kusa da lasifika.