Moton da Ya Fi Ƙarfin Injin Yaya

Tun rasuwar mijinta, Yaya take bin gidaje tana share kafet da wani tsohon injin zuƙar ƙura, mai kama da tulu, mai dogon tiyo. Da shi take ciyar da 'ya'yanta. Ranar da motonsa ya ƙone, ƙaninta, da ake wa laƙabi da Na-Iya, ya ce ta bar masa.

Ko auna tsohon bai yi ba, ya je shago ya zaɓo mafi ƙarfi. Da ya ƙi shiga, ya sa zarto ya yanke cikin injin. Suna kunnawa roba ta narke, ɗakin ya turnuƙe da ƙauri.

"Yaya, ai ƙarfi na nema miki," in ji shi.

"Ni na ce maka ƙarfi nake so? Abincin marayu ka sa wa zarto. Fita, kafin in manta cikinmu ɗaya."

Washegari ta ɗauki ƙonannen moton ta zaga kasuwa har ta sami daidai girmansa. Mai gyara ya liƙe yankan, amma zuƙar ta ragu. Har yau Na-Iya bai isa ya taɓa ko ƙwan lantarki a gidanta ba.