Ƙadangarun Gwaggo Furera

Tsoron ya kama ni ne a ɗakin likitan zuciya, lokacin da Gwaggo Furera ta gyara mayafinta ta ce, "Umaima, gaya masa ban yarda ba." Ni ce tafinta. Ban daɗe da gama jami'a ba, aiki bai samu ba, don haka ni nake kai ta asibiti. Likita ya riga ya ce jijiyoyin sun toshe, sai an buɗe ƙirji, kuma da gaggawa, ba a wata mai zuwa ba. Na ce masa za mu yi shawara.

Gwaggo yayar babana ce. Ta zo nan ƙasar Turawa ne, garin Lanham, renon 'ya'yan ɗanta Yaya Kamal, yaran suka girma, ita kuma ta zama mai lallen da amare ke layi a kanta daga Mitchellville har Woodbridge. Ba mai tsoro ba ce. Shi ya sa a mota na matsa mata, har ta ce in tsaya a gefen hanya. Ta ja wuyan rigarta ƙasa kaɗan.

Wallahi sai da na yi ƙara. Daga ƙashin wuyanta zuwa ƙirji zane ne shuɗi-shuɗi: tsani a tsakiya, ƙadangaru biyu suna hawa ta gefe da gefe, ga ɗige-ɗige kamar an watsa gero. Na tashi a hannun matar nan ban taɓa gani ba. Tun da ta dawo daga Makka ta rufe shi.

"Aikin Auwalu Wanzami ne," in ji ta. "Ranar kasuwa, ana gobe Sallah, ni da ƙawata Sailuba muka je. Da aska yake yi, ya shafa baƙin tukunya. Wadda ta yi kuka an yi ta yi mata waƙa har ta yi aure. Sailuba ta yi, ni ban yi ba." Ta yi dariya, sannan ta ɗaure fuska. "Gidan su Auwalu su ne wanzamanmu tun kakanni. Ba a sa askar wani a kan aikinsu. Yanzu wannan yaron zai tsaga min tsani biyu, ya raba ƙadangaruna?"

Yaya Kamal ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya kawo malami. Ta ce ta ji.

Ni kuwa wani abu ne ya hana ni zama. Aikina na ƙarshe a jami'a a kan matan zamanin da ne na ƙasar nan, masu zane a jiki, waɗanda ake yawo da su gari-gari ana nuna su a rumfar wasa. A wajen binciken na san Edna, wata tsohuwa mai shagon zanen jiki kusa da Woodbridge ta jihar Virginia, wadda kakarta Irene tana cikinsu. Na ce wa Gwaggo akwai wanzamiya a Virginia.

"Mace? Wanzamiya? Ke dai ɗauko mota."

Cunkoson babbar hanya bai dame ta ba, sai tambaya take yi. Muna shiga shagon ta tsaya gaban hoton Irene, mace zaune a kujera, zane tun daga wuya har idon sawu. Edna ta ce mai shela yakan gaya wa 'yan kallo wai sace ta aka yi aka zane ta da ƙarfi, alhali mijinta ne ya yi mata, da injin da ya haɗa daga ƙararrawar ƙofa, kuma ita ta zaɓi kowane tsuntsu.

Na fassara. Gwaggo ta tafa hannu. "Ƙarya dai ko'ina akwai ta! Mu ma cewa ake yi dole aka yi mana. Wa ya yi mana dole? Gayu ne!"

Ta sa aka ja labule, ta buɗe ƙirjinta. Edna ta sa tabarau, ta daɗe tana kallo, bakinta a buɗe. Ta tambaya da wace allura aka yi. Da na ce aska ce, sai ta zauna. Ta ce layin bai karkace ko'ina ba, mai wannan hannun gwani ne.

"Gaya mata mashayin taba ne, hannunsa har rawa yake sai ya kama aska," in ji Gwaggo, tana ta washe baki.

Daga nan na rasa wadda zan fassara wa. Edna ta naɗe hannun riga tana nuna nata, Gwaggo tana cewa wannan furen bai kai ƙadangare ba. Da na sami sarari na faɗi maganar aikin zuciyar. Edna ba ta yi mamaki ba. Ta ce mata da yawa suna zuwa mata bayan tiyata. Ta ɗauko takarda shara-shara ta ɗora a ƙirjin Gwaggo, ta bi zanen da alƙalami, ɗigo bayan ɗigo. Ta ce idan tabo ya warke, za ta mayar da kowane matakin tsani inda Auwalu ya sa shi.

Gwaggo ta ɗaga takardar tana kallon ƙadangarunta a karo na farko ba a madubi ba.

"Allura kam na tuba, na je Makka," ta ce. "Amma tunda ga shi a ajiye, ni da lallena zan haɗa abina. Wanzamiya ta ba da izini, ai an fita hakkin Auwalu. Kira min yaron nan mai wuƙa."

Na fashe da kuka a tsakiyar shagon, su biyun suna yi min dariya.

Yau da safe aka shiga da ita. Kafin a tura gadon ta ce wa likita, ta bakina, ya bi tsakiyar tsani, kada ya taɓa wutsiya. Takardar tana jakata. Edna ta kira tana tambaya. Ni da Yaya Kamal muna zaune a ɗakin jira, har yanzu likita bai fito ba.