Kwanon Gwaggo Barikisu

A bakin zagi na fara jin sunanta. Ranar da na ce ina son shiga sakandare, Baba ya aje butarsa ya dube ni. "To, je ki. Ki ƙare kamar Barikisu." Sai daga baya Inna ta raɗa mini cewa ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tana nan unguwar Maamobi, cikin birninmu na Ankara, tafiyar da ba ta isa a hau mota ba.

Laifinta shi ne ta auri wani direban motar albasa na kasuwar Agbogbloshie, Kirista, ta bi shi coci. Da mota ta kife da shi a hanyar Kumasi ya mutu, daga gidanmu na unguwar Nima ko mutum ɗaya bai je gaisuwa ba. Baba saƙo ya aika: ta bar cocin ta dawo gida. Amma kafin saƙon ya isa, matan cocin sun riga sun cika ɗakinta. Su suka yi mata wanki da girki har ta fita zaman makoki. Da ruwa ya cika babbar kwata ya ci mata bango, mazansu suka ɗaga shi. Amsar da ta ba ɗan aike ke nan: "Ka ce wa Yaya Abass, wanda ya zauna da ni a ƙasa, ba zan tashi in bar shi ba."

Ni Musulma ce, haka zan mutu in Allah ya yarda. Amma abin da gidanmu ya yi wa matar nan, ban ga inda addini ya ce a yi shi ba.

A shekarar yunwa, 1983, cocinsu ya raba wa mutanensa garin masara. Gwaggo ta tuƙa tuwo, ta cika kwano mai murfi, ta ɗauko da kanta har ƙofarmu. A lokacin ƙannena rogo suke ci sau ɗaya a wuni, idan an samu.

"Salamu alaikum, Yaya."

"Wa ya ba ki wannan sallamar?"

"Uwar da ta ba ka."

Bai ko ɗaga murfin ba. Ta aje ta tafi. Ya ce da ni, "Mayar mata. Ba mu cin sadakar coci." Ƙamshin miyar kuka ya cika tsakar gida, ƙanwata Memuna tana kuka tana jan zanen Inna, maƙwabta kuwa suna yaba masa, wai namiji. A daren nan wasunsu ma a bayan cocin aka gan su da buhu.

Haka na riƙa mayar da kwanon nan. Duk sallah sai ta aiko, duk Kirsimeti sai ta aiko, kullum yana komawa da nauyinsa. A ɗakinta nakan tarar da wata tsohuwa 'yar cocinsu, Mami Ajuwa, wadda ba ta jin Hausa sai "sannu", tana matsa mata ƙafa. Da ciwo ya kwantar da Gwaggo, matan nan karɓa-karɓa suka yi a gefen gadonta, babu ranar da ta wuni ita kaɗai. Su suka binne ta da waƙa. Motar gawar ta bi ta bakin layinmu, Baba ya ja taga ya rufe.

Yanzu ya tsufa, yana cewa shi ba shi da kowa a Ankara. Kwanon yana ƙarƙashin gadona, Mami Ajuwa ce ta kawo mini.

Zuwana na ƙarshe da kwanon kafin rasuwarta, Gwaggo ta ɗaga murfin, ta ga tuwon yadda ta kwashe shi. Ta riƙe mini hannu.

"'Yata, sau ɗaya dai ki dawo mini da shi babu komai a ciki. Kada ki juye a kwata ki ce an ci, zan gane. Shi nake so ya ci."